Tiyon Kawu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, makanikin gas na ƙauyenmu, ya riga mu gidan gaskiya a tsakiyar daminar bana, gero yana bununi. A hanyar asibiti ya cika, bayan motata ta mutu da shi a tsakiyar gonaki.

Tunda nake ban taɓa ganin a-kori-kura ta taru a garinmu kamar ranar sadakar uku ba. Mu ba mu da fili, gona ta cinye ko'ina har gindin katanga, sai direbobi suka jera motocinsu a burtali, wasu taya ɗaya a cikin gyaɗar mutane, kuma ba mai gonar da ya ɗaga murya. An zo daga Ɗambatta, an zo daga Tsanyawa, har da wasu daga Gezawa da ban san inda suka san shi ba. Da yawansu ba su kashe inji ba, suka bar motocin suna ta gunji. Liman ya aika a ce su kashe, ana addu'a ba a jin amin. Wani dattijon direba ya ce a ba Malam haƙuri, in tasa ta mutu a nan, wa zai tashe ta? Liman bai ƙara aikawa ba, a cikin ƙarar inji aka shafa fatiha.

Mai injin niƙan unguwarmu ya ƙi hawa tabarma. Yana tsaye jikin bango, duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya ce jarkarsa ce, jarkarsa ce ta jawo, har sai da mai unguwa ya ja shi gefe ya yi masa faɗa. Mahaifiyata ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da masu wanka suka ce sun cuɗa hannuwansa da sabulu amma warin gas ya ƙi fita, cewa ta yi a bar shi, ai da shi aka san shi. Inna kuwa, matar Kawu, ta shiga takaba, in an gaishe ta ta amsa, ba ta ƙara komai a kai.

Ana watsewa wani direban Tsanyawa, mutum mai son Kawu ƙwarai, ya riƙe ni a bakin zaure. Ya ce ya ji yadda aka yi: an ce ruwa motar ta sha, an ce tiyo yana nan, an ce abin da ya rage kawai a ja mai da baki. Sai ya dube ni ya ce, "To kai ba ka da baki ne?"

Raina ya ɓaci, na so in zage shi, amma gaskiya tambayar da kowa ke haɗiyewa ce shi ya furta. Ni ba malami ba ne, direba ne, rubutun ma sai a hankali. Amma tambayar nan ta hana ni sakat, kuma ba ta amsuwa sai an san wane ne Kawu. Ga shi bai bar allo mai sunansa a bakin titi ba, hotonsa ɗaya ne a gidan, shi ma ya rufe ido a ciki. In ban faɗa ba, nan gaba kaɗan sai dai a ce an yi wani tsoho mai tari.

Kawu ba makanikin komai-da-ruwanka ba ne. In birkinka ya lalace ko giya ta ƙi shiga, zai ce ka yi gaba, ba a nan ba. Shi hanyar mai kawai ya sani, a motar da ke shan gas, wato dizal: daga tanki zuwa filta, daga filta zuwa injekta, daga nan zuwa nozul ɗin da ke fesa mai a cikin inji. Garejinsa rumfar kara ce a bakin gonarsa. Kayan aikinsa duk a tsohon buhun taki suke, sifanu 'yan kaɗan, mazurari, yankin tsohon zanen Inna da yake tace mai da shi, sai tiyo. Tiyon roba ne garai-garai wanda ake hango abin da ke tafiya a cikinsa, bai fi kamu biyu ba, ya yi ja don tsufa. Ko biki za shi, in dai mota zai shiga, da buhun nan yake shiga.

In ka kawo mota ba ya gaggawar buɗe bonet. Sai ka gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi damina, sannan ya ce a ina ka sha mai. Kowane direba gidan mai yake cewa. Kawu sai ya buɗe tanki ya tsoma kara, ya shafa a yatsa, ya ɗanɗana a harshe, ya tofar. Daga nan ya faɗa maka gaskiyarka: wannan da kananzir a ciki, wannan na 'yan bumburutun bakin kasuwa ne, wannan ya daɗe a duro mai tsatsa. Yakan ce bai taɓa ganin motar da ta yi ƙarya ba, kuma bai taɓa ganin direban da bai yi ba. Mu sha dariya, gobe mu koma wajen 'yan bumburutun, don gidan mai ya yi mana nisa. Hayaƙi ma karanta shi yake. In mota ta wuce ta bakin gonarsa tana baƙin hayaƙi sai ya ɗago daga noma ya bi ta da kallo, ya ce wa na kusa da shi wane zai zo jibi, nozul ɗinsa ya fara zubar da mai. Jibin kuwa sai ga shi.

Abin da ya fi nanatawa har muka haddace shi ne, gas sai ya kwana. In ka sayo a jarka, ka ajiye shi ya kwana, ruwa da datti su kwanta a ƙasa, da safe ka tsiyaye na sama ta cikin tsumma. Gindin jarka kuwa ba na mota ba ne, na wanke sifana ne. Ya sha ƙwace jarka daga hannun mutum tana bakin tanki, ko da mutumin ya girme shi. Ya ce ruwa kaɗan ya isa ya kashe inji nan take, in kuma bai kashe ba ya ci nozul a hankali.

Sai maganar iska. Injin gas ba ya shiri da iska. In mai ya ƙare maka a hanya, ko ka kwance filta, iska ta shiga bututu, to ko garin nan kaf ka tara su tura ba za ta tashi ba, sai an jawo mai ya kore ta. Masu ƙera mota sun sa ɗan famfon hannu a kan filta saboda haka, ana danna shi da babban yatsa. Amma motocinmu sun girmi wasu direbobinsu, famfunan duk sun mutu. Na kasuwa kuma Kawu ya tsane su, ya ce damina ɗaya suke yi su fara zuƙar iskar da aka sa su kora. Don haka shi da baki yake yi. Ya soka tiyo a bututun da ya taho daga tanki, ya durƙusa, ya zuƙa. Kana kallon man yana hawowa cikin tiyon har ya iso leɓensa, ya tofar, ya toshe da yatsa, ya mayar da bututun mazauninsa, ya sassauta nozul ya ce murɗa makulli. Na ga wannan ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa ɗauka wani abu ba ne.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure, kuma da na samu tawa motar ba abin da ya ɓoye mini na aikin. Ya nuna mini inda ruwa ke taruwa a ƙasan filta, ya nuna mini notin gindin tanki, ya koya mini jin inji da kunne, yana yi yana tsokanata wai hannuna na murɗa sitiyari ne da cin tsire. Amma ranar da na ɗauki tiyo na nufi baki da shi, sifana ya maka mini a bayan hannu, har yau in sanyi ya yi ina jin wurin. Na yi fushi, na ce ai ni ba yaro ba ne, da iyalina. Bai kula ni ba sai da muka gama. Sannan ya ba ni labarin maigidansa da ya koya masa aiki a Kano, ƙaton mutum mai ɗaga giyabos shi kaɗai, yadda ya ƙare a kan tabarma ba ya iya gama fatiha sai ya huta a tsakiya. Ya ce duk iya tofarwarka wani abu yana wucewa, kuma ƙirji ba shi da filta. Na ce to shi fa? Ya ce nasa ya riga ya tafi, kuma ƙirji ɗaya ya ishi gari ɗaya. Shi ya sa bai taɓa ɗaukar mai koyon aiki ba, duk da iyaye sun sha kawo masa 'ya'yansu.

Inna ce kaɗai ta taɓa yaƙarsa a kan tiyon nan. Abin daga miya ya faro. Kullum sai ya ce ba gishiri, ta ƙara, ya ce ba gishiri, har baƙo ya kasa cin tuwon gidan, sannan ta gane harshen ne ya mutu. Ga tarin asuba da ke tashin maƙwabta. Al'adarta ce duk ranar da ya ja mai ta ba shi nono a wani ƙaramin kwanon sha mai shuɗin baki, wai yana wanke ciki. Ko yana wankewa ko ba ya wankewa, Allah masani, amma ba ta taɓa fashi ba. Wata shekara ta gaji. Ta ɗauke tiyon ta cusa a ƙasan rumbu, ƙarƙashin dammunan dawa, ta ce wataƙila akuya ce ta ja. Kawu ya san akuyar. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa, gaba yake yi. Ya daina cin abincinta, ya koma cin tuwo a gidanmu wurin ƙanwarsa, tsoho da furfurarsa, garin nan kaf ana dariya. Aka ce ya sayi wani tiyon ranar kasuwa mana, ya ce a'a, wanda aka ɗauke shi za a mayar. Mahaifiyata ta yi ta kai da kawo, Inna ta ce wallahi sai dai ya ƙaura can gaba ɗaya.

Ana cikin haka wata mota ta mutu a bayan gari da rana tsaka, da mace mai naƙuda a baya, haihuwar ta zo da gardama. Mai ne ya ƙare musu, aka samo aka zuba, ta ƙi tashi. Direban ya zo a guje. Kawu ya shiga gidansa ya tsaya a tsakar gida da buhunsa a hannu. Inna ta leƙo ta gan shi. Ta ɗaura ɗamara ta hau rumbu, ta yi ta watso dawa waje, ta fito da tiyon ta jefa masa a ƙafa. Kafin ya dawo ta zuba nono ta rufe. Daga baya ta ce wa mahaifiyata, to ya za ta yi, ta riƙe mijinta ta kashe 'yar mutane? Ba ta ƙara ɓoyewa ba.

Gonarsa ce ta ƙarshe a noma kowace shekara. A gari irin namu, inda ake kai ƙara a kan kunya ɗaya, Kawu sai ya ajiye fartanya a tsakiyar aiki don an ce wata mota ta tsaya a hanyar Tsanyawa, ya hau kekensa da buhu a baya, ko ya san mai motar ko bai sani ba. Wata damina ciyawa ta kusa cinye masa gero, direbobi suka ji kunya suka yi masa gayya. Kai, ba a taɓa ɓarna irin ta ranar ba! Masu tumbi da hannu mai laushi, suka sassare gero suka bar ciyawa. Kawu ya bi kunya-kunya yana dubawa, ya gode musu, ya roƙe su don girman Allah kowa ya koma sitiyarinsa. Shekara da shekaru in ya ga ɗayansu sai ya tambaye shi ya noma.

Bana tun farkon damina numfashi ya fara gaza masa. In ya ja mai sai ya zauna a kan taya ya daɗe yana haki. Mun yi maganar asibiti har mun gaji. Ya ce sai an gama maimai. Aka gama, ya ce sai an yanke gero.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Da hantsi Inna ta aiko in zo da mota. Na tarar da Kawu a zaune an jingina shi da bango, leɓensa ya yi baƙi, numfashin yana fita da ƙara. Da na ce asibiti bai yi gardama ba, a nan na san abin ya kai. Ya nuna buhunsa da ido, Inna ta ɗauka.

Sai dai tankina ya kusa bushewa, ɗan abin da ke ciki ba zai kai ni kwalta ba. A garinmu in za a fita da mara lafiya ba a jiran a roƙa, kowa abin da ke hannunsa yake kawowa, wani katifa, wani kunu a fulas, wata zanen rufa. Mai niƙa ya ji ana cewa ba mai, ya ruga ya sunkuto jarkar injinsa. Rumfar niƙan tana yoyo, murfin jarkar ya daɗe da ɓata, leda ce aka ɗaure bakin da ita. Ina ciki muna ɗauko Kawu, na fito na tarar ya kife ta a bakin tanki, yana bubbuga gindinta don kada ɗigo ɗaya ya rage. Mutanen da ke tsaye a wurin duk sun san gas sai ya kwana, daga bakin Kawu suka ji. Amma wa zai ce a jira gobe? Allah ya saka da alheri kawai aka yi ta ce masa.

Muka shimfiɗa Kawu a baya, kansa a cinyar Inna, mai niƙa yana riƙe musu da lema. Daga garinmu zuwa kwalta burtali ne, faɗin mota ɗaya, gero ya yi tsayi hagu da dama har yana shafar gilashi. Ina tafiya a hankali saboda taɓo. Mun yi kamar rabin hanya sai injin ya yi tari, ya saki farin hayaƙi, ya kama, ya sake saki. Na taka totur, ba amsa. Ta mutu.

Kafin in fito na ji ana ƙwanƙwasa bodi daga baya. Na zagaya, Kawu ne. Ya ɗaga yatsa, da ƙyar ya ce, "Ruwa." Daga kwance ya ji. Mai niƙa ya dafe kai ya fara salati.

Na san aikin, shi ya koya mini. Na buɗe bonet na kwance notin ƙasan filta, ruwa ya zubo fari tas kamar daga randa, sai can ɗan mai ya biyo. Na shiga ƙarƙashi cikin taɓo na sassauta na gindin tanki, na bar ruwan ya tsiyaye har gas ya fara zuwa, na ɗaure. Saura a jawo mai ya kore iska. Na danna famfon kan filta, duk da na san ya mutu tun kafin motar ta zo hannuna, na danna har yatsana ya yi zafi. Na murɗa makulli, ta juya, ta juya, batir ya fara sanyi, na bari. Sai na je na buɗe buhun Kawu na zaro tiyo.

Ya miƙo hannu. Na ɗauka dubawa zai yi ko ya toshe, na ba shi. Ya naɗe shi a hannu ya damƙe. Ya daɗe yana tara numfashi, sannan ya ce, "Duk wanda ya sa baki a mai saboda ni, ban yafe masa ba. Duniya da lahira."

Na durƙusa a cikin taɓon. Na ce Kawu, sau ɗaya ne, zan tofar, na ga yadda kake yi, asibiti ga shi nan kusa. Mai niƙa ya ce shi a bar shi ya ja, ai shi ya zuba. Kawu ya girgiza kai. Ya dube ni ya ce, "Ni ma da na fara, sau ɗaya na ce."

Wanda bai tashi a inda muka tashi ba zai ce me ya hana ka ɓamɓare yatsun tsoho, ko ka sa bakinka a bututun kai tsaye? Ƙarfi ina da shi. Amma mutumin da ya zame maka uba, yana bakin gargara, ya ce bai yafe ba, in ya cika a haka ina za ka same shi ka nemi gafara? Na dubi Inna, ita kaɗai ce za ta iya karya maganar. Shekara nawa tana roƙon Allah tiyon nan ya daina shiga bakin mijinta, yau kuma ita za ta ce a sa shi a bakin ɗan ƙanwarsa? Ta sunkuyar da kai.

Sai ya ce a kai shi gaban mota. Ni da mai niƙa muka ɗauke shi, ba nauyi, muka tsayar da shi muna riƙe da hammatarsa. Da hannunsa ya soka tiyon a bututu, bai yi kuskure ba. Ya sa baki. Muka zuba wa tiyon ido. Man ya taso, ya hau kamar taƙi ɗaya, ya tsaya yana rawa, sai ya zame ya koma. Kawu ya yi tari har sai da muka ƙara riƙe shi. Ya huta, ya sake. Wannan karon bai kai inda na farko ya kai ba. Da ya sake kuma, ko motsi man bai yi ba. Ina tsaye riƙe da shi, ƙirjina cike da iska, ba ta da amfanin komai. Ban taɓa jin na tsani lafiyata ba sai ranar. Ya zare tiyon daga bututun ya sake naɗe shi a hannu, muka mayar da shi kan katifa.

Na yi waya Ɗambatta, wani abokin aiki ya ce ga shi nan, ya taho ya kafe a taɓo tun daga bakin kwalta. Babur ba zai ɗauki wanda ba ya iya zama ba. Can sai ga wani manomi ya ɓullo ta gabanmu da amalanken shanu cike da ciyawa. Bai tambayi komai ba, ya zubar da ciyawar ya juya shanun, muka ɗora Kawu. Shanu kuwa tafiyarsu suke yi, ko ka roƙe su ko ka doke su. Ina gefe a ƙasa, hannuna a kan ƙafarsa. Mun kai inda ake jin ƙarar motocin kwalta suna wucewa, lafiyayyu, sai na ji Inna tana laƙanta masa kalmar shahada. Leɓensa ya motsa. Ta shafa idanunsa, ta ce wa mai shanu ya juya gida. Motata ta tare burtali, sai ta cikin geron wani bawan Allah muka ratsa, yana tsaye yana salati ana take masa amfani. Tiyon yana hannun Kawu har gida, Inna ce ta buɗe yatsun ta cire.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare, ko a gadon asibiti yake sai ya tafi. Na yi imani da haka. Mahaifiyata ta ce biyayya na yi, kuma ya tafi ba ya riƙe da ni, me na fi so? Na ji. Amma in na kaɗaita sai in yi ta faɗa da shi. Haushinsa nake ji, wallahi, haushi sosai. Ya ja wa baƙi mai, ya ja wa maƙaryatan direbobi, ya ja wa waɗanda ko sannu ba su ce masa ba, ranar da za a ja masa ya hana. Sai kuma in tuna ƙirjina yake karewa da ɗan numfashin da ya rage masa, sai haushin ya rasa inda zai sauka. Abin da zan iya ce wa direban Tsanyawa ke nan: ina da baki, ɗaure shi aka yi. Ko daidai na yi ko kuskure ban sani ba, kuma wanda zai gaya mini ya tafi. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa abin da ya sha saboda mutane ya zame masa sanyi a can, ya ba Inna haƙurin da mu ba mu iya ba ta ba.

Da shanu aka jawo motar aka ajiye ta a rumfarsa. Ta zauna, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, na kasa taɓa ta. 'Ya'yan da Kawu ya bari sun ce baɗi za a rushe rumfar a haɗa wurin da gona. Ban ga laifinsu ba, ƙasa ta yi kaɗan, sai dai wurin ya sha mai ya yi baƙi, ban san abin da zai tsiro a kai ba. Gero ya nuna, mutane suka fara zuwa suna gaishe ni suna satar kallon motar, don ita ce ke kai amfanin unguwarmu kasuwa. Dole na kira wani makaniki daga Ɗambatta, magidanci mai fara'a, ya zo a babur da batir ɗaure a baya.

Ya duba, ya ce ai an yi rabin aikin. Ya canza filta, ya danna famfo ya yi tsaki, ya tambaya ko akwai tiyo, ya manto nasa. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na faɗa mata. Can sai tiyon ya fito ta ƙasan labule. Na kai masa, na ce Malam, da dai an nemo sabon famfo. Ya yi dariya, ya ce sabon famfo ai kwana biyu ne, su da wannan suka saba. Kafin in ƙara magana ya durƙusa. Ja ɗaya ya yi. Man ya hau tiyon a guje, ya tofar, ya goge baki da hannun riga, ya haɗa bututu, ya sassauta nozul ya ce in murɗa. Ta tashi. Duka aikin bai kai tsawon alwala ba.

Na zauna a sitiyari, injin yana kaɗawa, na kifa kai na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Makanikin ya tsaya sororo da tiyo a hannu, bai san abin da ya yi ba.

Ƙarar ta shiga har cikin gidan Kawu. Ban gama share ido ba sai ga mahaifiyata, da ke taya Inna zaman takaba, ta fito da ƙaramin kwanon nan mai shuɗin baki, cike da nono. Ta ce Inna ta tambayi wa ya ja, an gaya mata. Ta miƙa wa makanikin, ta ce in ji mai takaba ya shanye duka, kuma tana tambaya ko yana da iyali. Ya ce yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Mahaifiyata ta koma ciki, ta ɗan jima, ta fito. Ta ce Inna ta ce ya tafi da kwanon ya ba matarsa, za ta buƙace shi. Tiyon kuma a mayar mata.